Ranar da Na Je Gwaji Ban Shiga Ruwan Bagaruwa Ba

Iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna a kanmu duka.

Sunana Saratu. Daga ƙasar Roni na zo, 'ya'yana huɗu. Na rubuta shaidar nan a takarda ne saboda na san in na tsaya gabanku hannu sake, bakina ba zai iya fitar da ita ba. Karatuna na ajin manya ne, wanda muka yi da yamma a barandar coci, don haka in kun ji na tsaya ina lalube, ku yi haƙuri da ni. Na roƙa a bar ni in karanta ta a taron mata kaɗai. Maigidana ya san abin da ke ciki, shi ya ce in zo in faɗa.

Da bazara abin ya fara, shekara uku ke nan. Bazarar ta yi tsawo ƙwarai. Rijiyarmu ta yi ƙasa har sai da aka ƙulla igiya biyu kafin guga ta taɓa ruwa. Hadari zai haɗu ta gabas, mu ruga mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Kowa a gajiye yake, har awaki ba sa kuka da rana. In na tuna shekarar nan, zufa da jira kawai nake ji.

Maigidana birkila ne. In an gama kaka yakan tafi Kano cin rani, ya dawo in an fara ganin hadari, mu shiga gona tare. Haka muke tun aurenmu, lokacin shekararmu goma sha shida. Mutum ne marar yawan magana. Ni ma haka. Mun daɗe muna ganin wannan alheri ne, domin maƙwabta ba su taɓa jin kanmu ba.

Ya dawo da kamar mako uku sai na fara jin ƙaiƙayi a gabana. Ba irin na cizon sauro ba, irin wanda zai sa ki bar tukunya a wuta ki shige bayan ɗaki. Sai farin abu mai kauri, kamar nonon da ya yanke. In na yi fitsari wurin ya yi ta raɗaɗi. Ku mata ne, ba sai na ƙara ba.

Na yi abin da uwata ta koya min. Na daka bagaruwa na dafa, na tace, na riƙa zama a ciki da ɗuminsa safe da yamma. Na sa sabulu na wanke har ciki. Da bai ji ba na je kemis na ce wa mai shagon wata ƙawata ce ba ta da lafiya. Ya ba ni kafso ja da yalo, ya haɗa min da na cusawa. Abin zai lafa kwana huɗu ko biyar, in ajiye magani, ya dawo kamar hutawa ya je.

Wata rana a bakin rijiya ana hirar ciwon sanyi, sai wata maƙwabciyarmu ta ce, tana jan guga, ko kallona ba ta yi ba: “Ai wannan ciwon tsarabar 'yan cin rani ce. Su tafi da jaka ɗaya su dawo da biyu.” Mata suka yi dariya. Ni ma na yi. Ba da ni take ba, ba ta san komai a kaina ba. Amma maganar ta biyo ni gida ta zauna.

Na ƙirga kwanaki. Ya dawo, mako uku, ciwo. Na sake ƙirgawa, haka ya fito. Daga ranar na yanke wa mijina hukunci a zuciyata.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ban fasa kai masa ruwan wanka ba, ban rage masa tuwo ba. Abin da na yi ya fi wannan muni. Na yi shiru. Na kwashe tabarmata na koma ɗakin yara, na ce zafi ne. Damina ta zo zafi ya wuce, na ce ƙaramar ce take tari. In ya yi wasa ba na dariya. Ranar Lahadi in ya tashi zagayawa da kwandon baiko, domin yana cikin masu wannan hidima, sai in sunkuyar da kai ina cewa a raina, dubi munafuki. Yadda yake nake faɗa muku. A cikin ɗakin Allah nake wannan.

Cikin daminar ne na fara zuwa gwaji. Na ce masa ciwon ciki zan je a duba min a Kazaure.

To ga inda kuskurena yake. Mu an raine mu ne a kan cewa mace ba ta buɗe jikinta gaban wani da ƙazanta. Ko naƙuda ce ta kama ki, in da hali sai kin watsa ruwa kafin ungozoma ta shigo. Saboda haka kwana uku kafin in tafi na dage: bagaruwa safe da yamma, maganin cusawa kullum, kafso sau uku. Ranar tafiyar na tashi da asuba na wanke ciki da waje da ruwan zafi da sabulu har sau biyu, na turara zanena. Na ce ko ba komai ba za a ce matar ƙauyen nan ƙazama ce ba.

Wata nas ta shigar da ni bayan labule. Ta yi min tambayoyi, ban ma san me ta tambaya ba, duk abin da ta ce “a'a” nake cewa don in samu in tashi daga gadon nan. Ta fito da wani tsinke dogo mai 'yar auduga a kai, yana cikin kwalbar roba siririya kamar biro. Ta sa shi ta ɗan juya, ta zare, ta mayar cikin kwalbar, ta rubuta sunana a jiki. Babu zafi, kunyar ce ta fi. Ta ce in kai lab, wato ɗakin gwaji. Na naɗe kwalbar a gefen mayafina kamar kayan sata. A tagar namiji na tarar. Na miƙa masa ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce in dawo bayan kwana uku.

Na koma. Aka duba takardar aka ce, “Ba a ga komai ba.”

Kafin in iso gida ƙaiƙayin ya tashi a mota.

Kaka ta wuce, maigida ya tafi Kano. Ciwon bai tafi ba. Da ina da hankali a nan ya kamata in tsaya in ce, to ai mutumin ba ya nan, kuma tun kafin ya tafi ba ma tare. Amma zuciyar da ta riga ta yanke hukunci komai hujja ne a wurinta. Na ce ya riga ya dasa min ne. Da ranin nan na je wani wurin gwajin dabam, na yi shiri irin na farko, har na ƙara, domin na ga kamar wancan karon ban yi tsafta sosai ba. Nan ma aka ce ba a ga komai ba. Sai na ce wa kaina ciwon birni ne, mai wayo, ba ya fitowa a gwajin irinmu.

Ya dawo da bazara da atamfa mai kyau. Na ce na gode, na sa a akwati. Muka yi damina ta biyu muna noma kunya ɗaya, ba ma magana sai ta taki da ta ciyawa.

Da kaka, muna ɗaurin dawa a gindin rumbu da hantsi, yara sun tafi makaranta, sai ya ajiye igiya ya zauna a kan dami.

“Saratu.”

“Na'am.”

“Na duba kaina har na gaji, ban ga abin da na yi miki ba. In akwai, ki faɗa min.”

“Babu komai.”

“Shekara da rabi ke nan kina ce min babu komai.” Ya murza zangarniya a hannu. “Ba zan kai ki gaban dattawa ba, ba zan kuma tozarta ki ba. Amma in ganina ne yake miki nauyi, bana in na tafi zan zauna can ko da damina. Gonar zan bar wa ƙanena ya noma, abinci ba zai yanke muku ba. Nan da mako uku zan tafi.”

Ya tashi ya ci gaba da ɗauri. Ni kuwa na tsaya da igiya a hannu. Sai a lokacin na gane cewa ban taɓa so ya tafi ba. So nake ya zauna in ci gaba da hukunta shi.

Da yamma na je gidan Mama Rifkatu, tsohuwar da ta riƙe zumuntarmu shekaru da yawa. Ga ta can zaune a layi na biyu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗauki gyaɗa ina taya ta, don in samu inda zan sa idona. Na faɗa mata duka, ciwon da zargin.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Kin tambaye shi?”

“A'a, Mama.”

“Wani ya zo ya ce miki ya gan shi?”

“A'a.”

“To ke ce alƙali, ke ce mai shaida, ke ce kuma gidan yari. Sannu da aiki, 'yata. Dole ki rame.”

Na fara kuka. Ta ce, “Yi a hankali, kada ki jiƙa min gyaɗa.” Ta kama hannuna muka yi addu'a. Da muka gama ta ce jibi in shirya, akwai wata sista, babbar nas, a Kazaure da ta karɓi haihuwar jikokinta uku, wurinta za mu. Na ce an gwada sau biyu ba a ga komai ba. Ta ce, “Mu je a yi na uku, ni ma in ji da kunnena.”

Kun san abin da na yi a kwana biyun nan. Bagaruwa, sabulu, maganin cusawa, turare.

Sista Hajara Musulma ce, Bafulatana, mace mai jiki, ta kai hamsin, tabarau a ƙarshen hanci. Sun gaisa da Mama Rifkatu kamar 'yan uwa ɗaya, suka tambayi jikoki da shanu. Mama ta faɗa mata an gwada ni sau biyu ba a ga komai ba, sannan Sista ta ce in shigo bayan labule. Ban gama hawa gadon ba ta tsaya, ta ɗaga hanci.

“Baiwar Allah, a gidanku jima ake yi?”

Na ce a'a, manoma ne mu.

“To ni tun daga ƙofa nake jin bagaruwa kamar na shiga wurin majema. Ga sabulu, ga turare. Biki kika zo ko gwaji?”

Mama Rifkatu ta yi dariya daga bayan labule. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Sista ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta rage murya. “Yaushe kika wanke ciki?”

“Yau da asuba.”

“Na cusawa fa?”

“Jiya.”

“Sauran lokutan biyu ma haka kika yi?”

“Har ya fi haka.”

Ta cire tabarau ta goge da gefen hijabinta. “In an sace wa mutum saniya, ya ɗauki tsintsiya ya share bakin garke tas, ya yayyafa ruwa, sannan ya aika a kira masu bin sawu, me za su gani?”

Na ce babu.

“Haka kika yi mana. Audugar nan abin da ta tarar shi take ɗaukowa. Kin wanke shi, kin danne sauran da magani, sai ta ɗauko sabulu ta kai wa masu gwaji. Su kuma abin da aka ba su suke dubawa. Yau ba zan ɗauki komai ba, ɓata kayan aiki ne. Ki koma gida. Kwana goma, ba kafso, ba na cusawa, ba bagaruwa. Wanka ki yi abinki, ki yi tsarki daga waje da ruwa zalla, amma kada yatsa ko sabulu ya shiga ciki. In al'ada ta zo ki bari ta ɗauke. Maigida ma ya ɗan yi haƙuri kwana biyu kafin ranar.”

Wannan na ƙarshen bai zama min matsala ba, amma ban faɗa mata dalili ba.

Na ce, “Ranki ya daɗe, yaya zan zo gabanki a haka? Abin ba kyan gani.”

Ta ce, “Shekarata ashirin da wani abu ina wannan aikin. Ba kyan gani nake nema ba, ciwon nake nema. Ki kawo min shi yadda yake.”

'Yan'uwana, kwana goman nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Lokacin roron wake ne, ina sunkuye a rana, abin yana ci kamar an zuba barkono. Ga maganin a ƙasan akwati, na san in na sa zan yi barci. Sau da yawa na buɗe akwatin na rufe. Maigida kuma ya fara haɗa kayansa kaɗan kaɗan, yau ya gyara takalmi, gobe ya wanke jaka. Ina gani.

Safiyar rana ta goma sha ɗaya na tashi lokacin da masallacin maƙwabtanmu yake kiran asuba. Na hura wuta. Sai da na ji ƙamshi ya bugi hancina na lura cewa bagaruwa ce a tukunyar. Ban san lokacin da na zuba ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na tace a baho na kai bayan ɗaki. Na tsaya a kansa, tururi yana dukan fuskata.

Zuciyata ta ce, sau ɗaya kawai, ko na minti biyu. Za ki shiga mota da mutane, za ki kwanta gaban mace mai daraja. Za ta je gida ta ce wata arniyar ƙauye ta zo mata da ƙazanta.

Na durƙusa a nan bayan ɗaki, a kan ƙasa mai laima, wurin da ban taɓa tunanin ana addu'a ba. Na ce, “Yesu, ina jin kunya. Ba ni da wata magana sai wannan. Kai ka yi jikin nan, babu inda ba ka sani ba. Na gaji da wankewa kafin a duba ni. Haka nake yi wa masu asibiti, haka nake yi wa mijina, kai ma haka nake yi maka, in zo maka da zane mai turare zuciyata tana ruɓa. Ka ba ni ƙarfin zuwa yadda nake. Abin da gwajin nan zai nuna, ko a kaina ko a kansa, ka ba ni zuciyar ɗauka.”

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da na sani, na miƙe tsaye. Na ɗaga bahon na juye shi a gindin zogale. Na yi wanka da ruwa zalla, na ɗaura zane na tafi ni kaɗai.

A mota na takure jikin ƙofa, ina ganin kowa yana ji. Babu wanda ya ko waiwayo. Hirar farashin wake suke yi.

Da na hau gadon na rufe fuskata da mayafi. Sista Hajara ta duba ta ce, “Yauwa. Yau kin zo da baƙon namu.” Ta ɗauka da tsinke biyu. Ta ce ɗaya za a shafa a gilashi a duba da madubin nan mai ƙara girman abu, ɗayan kuma za a shafa a wani ɗan faranti a ajiye a wuri mai ɗumi, duk abin da ke ciki ya tsiro a gan shi sosai. Na ce daga cikin mayafi, “Ashe ku ma kuna shuka.” Ta ce, “Muna yi, kuma namu kwana uku yake nuna. Ku tashi ku koya.” Wannan karon ban naɗe kwalaben ba. A hannu na riƙe su har taga, domin ta ce kada in tsaya ko'ina, audugar ba ta son bushewa.

Bayan kwana uku na koma. Ta sa takardar a gabanta, ta ce wani abu ne dangin fumfuna, ya tsiro fal a farantin. Ta ce kowace mace akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da Allah ya ajiye a wurin suna gadi. In aka kashe su, wannan abin sai ya samu fili.

“Kafin ya fara miki, kin sha wani magani mai yawa?”

Na yi tunani. Sai na tuna bazarar can, kafin maigida ya dawo, na yi zazzaɓi mai naci, na sha kafso daga kemis mako biyu cur. Ranar da ya iso ma akwai saura a kan taga.

“To shi ya buɗe ƙofa,” in ji ta. “Ke kuma duk lokacin da masu gadin suka fara farfaɗowa sai ki bi su da wani kafson, ki ƙara da sabulu da ruwan zafi.”

Na ce, “Ba daga namiji ba ne?”

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. “Ni ban san mijinki ba, ba zan yi masa shaida ba. Abin da ke takarda zan faɗa miki. Waɗanda ake ɗauka wurin namiji mun nema, ba mu gani ba. Wannan kuwa yana kama budurwa, yana kama gwauruwar da ta shekara goma ba miji. Ba sai an kawo miki ba.”

Ta sa aka duba min suga, aka ce lafiya. Likita ya rubuta magani. Ta ce in shanye shi har ƙarshe ko na ji sauƙi, in riƙa shanya kamfai a rana ya bushe sosai, in kuma rabu da wankin ciki har abada.

Za ku ɗauka murna na yi. Ko kusa. Duk hanyar gida ina kallon duwatsu ta taga, ina ganin fuskarsa lokacin da ya miƙo min atamfar nan.

Maganin ya fara aiki a kwana na uku. Bakina ne ya ƙi aiki. Kullum in ce yau, in ga ya shigo, in ce gobe. Har ya rage kwana ɗaya ya tafi.

Da la'asar yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana kankare tsohon siminti daga cokalin gini. Na aiki yara gidan kakarsu. Na zo na durƙusa a gabansa, na ajiye takardar asibiti a kan gwiwarsa. Na faɗa masa ciwon, da kemis, da gwaji huɗu da na je ina ce masa ciwon ciki. Har nan fuskarsa tausayi ce, ya ce, “Haba Saratu, duk wannan ke kaɗai?” Na ce bai ƙare ba. Na faɗa masa maganar bakin rijiya, da abin da na ɗauke shi, da abin da nake cewa a raina in ya ɗauki kwandon baiko.

Ya ajiye cokalin a hankali.

“Shekara da rabi kina tuƙa min tuwo kina kallona mazinaci.”

“E.”

“A Kano a kangon da muke ginawa nake kwana, mu shida, a kan buhun siminti. In an tashi aiki ƙafata ba ta kai ni ko wurin mai shayi.” Muryarsa ba ta ɗaga ba. “Da kin zage ni ranar farko, da mun gama a ranar.”

Na ce, “Ka yafe min saboda Yesu.”

Ya tashi ya sa takalmi ya nufi hanyar gona, ko da yake babu sauran komai a gonar sai kara. Na zauna a wurin har inuwar rumbu ta iso ni. Sannan na tashi na ɗora tukunya, don ban san me zan yi ba in ba wannan ba.

Rana tana faɗuwa ya shigo. Na kai masa tuwo. Ya wanke hannu, ya yi godiya, ya ci loma uku, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Na yafe miki, don ni ma kullum ana yafe min. Amma bakina ne ya riga, zuciyar tana baya. Ki bar ta ta iso a hankali.”

Na ce to.

“Ni ma ina da nawa. Ina ganinki kina ramewa, na tsaya ina tambayar me na yi, ban taɓa tambayar me ya same ki ba.”

Na ce, “Gonar fa?”

Ya ƙara loma. “Ban riga na yi wa ƙanena maganar ba. Sau biyu na je ƙofarsa na dawo.” Ya ɗago ya dube ni. “Ki gyara irin gero. Ruwan farko a nan zai same ni.”

Haleluya! Ya kuwa same shi. Ya dawo saura kwana tara ruwa ya sauka, kuma zuciyar ta iso, ba a rana ɗaya ba, amma ta iso. Ciwon ya taɓa leƙowa sau ɗaya bayan wata biyar, na koma wurin Sista a yadda nake, aka sake ba ni magani, tun daga nan shiru. Ina gode wa Ubangiji Yesu da ya warkar da jikina ta hannun mutanen da ya ba ilimi. Ina gode masa da bai bar ni na rushe gidana da hannuna ba. Allah ya sāka wa Mama Rifkatu, ya sāka wa Sista Hajara da zuriyarta.

Na san a ɗakin nan akwai wadda take zaune tana motsi a kan benci, tana ganin ita kaɗai ce. 'Yar'uwata, ba ke kaɗai ba ce. Ki je a gwada. Ki tambaye su tun kafin ranar me za ki bari, ki kuma bari. Kada ki yi ta haɗiyar kafso a kan zato. In kina zargin wani, ki buɗe baki tun abin yana ƙarami. Ki dogara ga Yesu, ya san ki sarai kuma bai gudu ba.

Mama Rifkatu ta ce kada in naɗe takardar nan ban faɗi abin da na yi washegarin ranar da na roƙi gafara ba, wai ita ta gani da idonta. To zan faɗa.

A garinmu mace a bakin zaure take sallamar miji. Da gari ya waye ya saɓa jakar tufafi, ya sunkuya zai ɗauki buhun kayan aiki, sai na riga shi. Na ɗora a kaina. Ya ce, “Ina za ki?” Na ce, “Bakin titi.” Muka bi ta tsakiyar gari, shi a gaba ni a baya, ƙarafa suna ƙara a kaina. Mata suna dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna. Wata ta ce, “Saratu, amarya kika koma?”

Na ce, “Na koma.”

Na ga kunnuwansa sun motsa, na san dariya yake ɓoyewa. Na tsaya a bakin titi har mota ta zo, har aka ɗaure buhun a sama, har ta sha kwana. Sannan na juyo gida.

Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.